Gaskiya ko Jita-jita: Tsinken Gwajin Fitar Ƙwai da Neman Haihuwa

Idan shekara ta zagayo da aure amarya ba ta yi ɓatan wata ba, ba sai an faɗa wa kowa halin da take shiga ba. Ga tambayar dangi, ga habaicin facaloli, ga masu shawara kowa da maganinsa a hannu. A cikin wannan hali ne mata da yawa suka fara jin labarin wani siririn tsinke da ake sayarwa a kemis da kasuwar intanet, wanda aka ce yana nuna ranar da ake ɗaukar ciki. A ido ba shi da bambanci da tsinken gwajin ciki da aka saba da shi, amma aikinsu daban. Shi wannan na gwajin fitar ƙwai ne. Tun 1989 kamfanin Unipath na Ingila, masu yin Clearblue a wancan lokacin, suka fitar da irin wanda mace za ta gwada a ɗakinta cikin sauƙi. Araha da yaɗuwa ne suka zo daga baya.

Tsinken yana da amfani na gaske, sai dai tambaya ɗaya tak yake amsawa: yaushe jiki ke shirin sakin ƙwai? An ɗora masa maganganu da yawa da suka wuce wannan. Wasu sun sa mata zubar da hawaye a banza, wasu kuma sun zaunar da ma'aurata a gida suna jira alhali asibiti ya kamata su nufa. Shi ya sa ya dace a tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da tsinken ke aunawa

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙululu da ke sakin wani sinadari cikin jini, likitoci na kiransa LH. Duk tsawon wata yana nan a jikin mace, amma kaɗan. Idan ƙwai ya nuna a ma'ajiyarsa, sai sinadarin ya yi tashin farat ɗaya, kuma wannan tashin ne ke sa ƙwan ya fita, yawanci bayan awa 24 zuwa 36. Wani kaso na sinadarin yana sauka cikin fitsari, shi ne tsinken ke kamawa.

Ƙwan da ya fita ba ya daɗewa, awa 12 zuwa 24 ne iyakar rayuwarsa idan bai haɗu da ƙwayar maniyyi ba. Ita kuwa ƙwayar maniyyi tana iya kwana biyar a jikin mace da ranta. A 1995 Allen Wilcox da abokan aikinsa a Amurka sun wallafa binciken da suka yi kan mata 221 masu neman haihuwa, suka gano cewa duk cikin da aka samu ya shiga ne a cikin kwana shida: biyar kafin fitar ƙwai, da ranar fitarsa. Wanda ya riƙe waɗannan kwana shida, zai gane sauran bayanin ba wahala.

"Kowace mace a rana ta 14 take fitar da ƙwai"

*Jita-jita ce.* Asalin lissafin yana da tushe, amma an juya shi. A shekarun 1920 wasu likitoci biyu, Kyusaku Ogino a Jafan da Hermann Knaus a Austiriya, suka lura cewa ƙwai na fita kimanin mako biyu kafin al'ada ta gaba. Wato daga baya ake ƙirgowa. Macen da al'adarta ke zagayowa duk kwana 28, nata zai faɗo wajen rana ta 14. Wadda tata ke kai kwana 32, sai wajen rana ta 18. Mai kwana 24 kuwa, wajen rana ta 10.

Kuma masu kwana 28 cif ba su da yawa kamar yadda ake zato. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya duba zagayen al'ada sama da 600,000 daga bayanan manhajar Natural Cycles, ya samu kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka cika kwana 28 daidai. Duk abin da ya kama daga kwana 21 zuwa 35 lafiya ne. Wannan ne ma dalilin da ya sa manhajojin waya masu ƙirga kwanaki kawai suke yawan kuskure, domin hasashe suke yi, ba su auna komai a jiki ba.

Ga ƙa'idar da yawancin takardun cikin kwali ke bayarwa: ki ɗauki ranar da jini ya fara zuwa sosai a matsayin rana ta ɗaya, ki san tsawon zagayenki, ki cire 17. Mai kwana 28 za ta fara gwaji a rana ta 11, mai kwana 32 a rana ta 15. Idan zagayen yana ɗan canzawa, da mafi gajartarsa za a yi lissafi.

"Da zarar an yi wankan tsarki ake ɗaukar ciki"

*Gaskiya ce ga wasu, jita-jita ga wasu.* Iyaye mata sun daɗe suna faɗa wa 'ya'yansu haka, kuma ba a banza suka faɗa ba. Macen da zagayenta gajere ne, a ce kwana 24, kwanakinta shida suna kamawa ne daga rana ta 5 zuwa ta 10. Idan jininta na kwana shida ko bakwai, to tana yin tsarki tana tsakiyar lokacinta. Amma wadda zagayenta ke kai kwana 35, ƙwanta sai wajen rana ta 21, don haka bayan wankan tsarki akwai sauran sama da mako guda kafin lokacinta ya kama. Irin wannan mace idan ita da maigida suka tattara ƙoƙarinsu a kwana uku na farkon tsarki sannan suka saki jiki, za su iya shafe watanni suna saɓani da ƙwan, alhali babu mai ciwo a cikinsu. A nan ne tsinken ke nuna amfaninsa.

"Layi biyu sun fito, ke nan lokaci ya yi"

*Jita-jita ce,* kuma ita ce kuskuren da aka fi yi. A gwajin ciki, ko dishi-dishi layi na biyu ya fito ana ɗaukarsa a matsayin sakamako. A gwajin fitar ƙwai ba haka ba ne, domin LH kullum yana nan a jiki, saboda haka layi mai haske zai iya fitowa kowace rana.

Ga yadda ake yi. A tari fitsari a busasshen kofi mai tsabta. A yage ledar tsinken a lokacin da za a yi amfani da shi, a tsoma kansa na 'yan daƙiƙoƙi kada ya wuce layin da aka rubuta MAX, sannan a kwantar da shi a wuri busasshe. Bayan mintunan da takardar ta ambata, yawanci biyar, sai a duba. Layi ɗaya shi ne na shaida, wanda ake sa wa alamar C, yana nuna tsinken ya yi aiki. Ɗayan, mai alamar T, shi ne na gwaji. Sai launinsa ya kai na shaida duhu, ko ya fi shi, sannan za a ce sinadarin ya tashi. Idan layin shaida bai fito ba sam, tsinken ya lalace, a sake da wani. Abin da ya bayyana bayan an bar tsinken ya bushe na tsawon lokaci kuwa, ba a aiki da shi.

Dabara mai kyau ita ce a riƙa rubuta sakamakon kowace rana a littafi, da kwanan wata da lokaci, a ɗauki hotonsa da waya nan take. Bayan kwana huɗu ko biyar, mace za ta ga yadda layin ke tafiya: mai haske, mai haske, ya ɗan ƙara, sai rana ɗaya ya yi duhu sosai, washegari ko jibi ya koma. Wannan ranar ta duhu, da wadda ke biye da ita, su ne aka fi so kada a rasa.

"Da fitsarin farko na asuba ake gwadawa"

*Ya danganta da irin tsinken.* Fitsarin asuba ya fi dacewa da gwajin ciki. Shi kuwa LH yakan fara tashi a jini da sassafe, sai bayan wasu awanni yake bayyana a fitsari, don haka yawancin tsinkaye na yau da kullum sun fi son a gwada tsakanin hantsi da magariba. Akwai kuma wasu na'urori masu ɗan allo da aka tsara su don fitsarin farko. Takardar cikin kwali ita ce alƙali. Abin da bai canzawa shi ne a riƙa yi a lokaci guda kullum, kuma a rage shan ruwa kamar awa biyu kafin gwaji, don fitsarin da ya tsinke da ruwa yana ɓoye sinadarin.

Akwai abin da ya shafi yankinmu musamman. Yawancin waɗannan tsinkaye an rubuta a jikinsu kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 30, ga shi kuwa a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, zafin bazara yana haura 40. Tsinken da ya yi watanni a shagon kwano ko a cikin mota yana iya lalacewa tun kafin wa'adinsa. A saya a kantin magani mai kula da ajiya, a duba ranar ƙarewar aiki, a tabbata ledar ba ta huje ba, a gida kuma a ajiye shi inda ya fi sanyi, nesa da taga da murhu.

"In tsinke ya nuna, tabbas ƙwai ya fita"

*Ba koyaushe ba.* Tsinken yana nuna cewa jiki ya ba da umarni, bai ga ƙwan da idonsa ba. A mafi yawan mata masu al'ada daidai, umarnin da fitar ƙwan suna tafiya tare. Amma akwai inda suke rabuwa.

Na farko shi ne larurar da likitoci ke kira PCOS, wadda ke shafar kusan mace ɗaya cikin goma. Alamominta sun haɗa da al'ada mai tsallake watanni, gashi a haɓa ko ƙirji, ƙuraje a fuska, wani lokaci da ƙiba. Da yawa daga masu ita LH ɗinsu a sama yake zama, sai tsinken ya yi ta nuna duhu kwana da kwanaki ba tare da ƙwai ya fita ba. Haka macen da ta kusa daina al'ada, ita ma sinadarin nata yana hawa. Allurar hCG da likita ke yi don a sa ƙwai ya fita tana sa tsinken ya yi duhu, kuma wadda ke shan Clomid, maganin da ake ba wadda ba ta fitar da ƙwai, idan ta gwada kafin kwana uku da gama sha, zai iya ruɗinta.

Tabbaci yana asibiti. Akwai gwajin jini na sinadarin furojestaron da ake yi kimanin kwana bakwai kafin al'ada ta gaba, akwai kuma sikanin da ake bin girman ƙwai da shi har ya fita. A gida ma jiki magayi ne: kusa da lokacin, farin ruwan da ke fitowa daga gaba yakan zama garau, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai. Mata da yawa suna ɗaukarsa ciwon sanyi har su nemi magani, alhali idan babu wari, babu ƙaiƙayi, babu canjin launi, alama ce ta lafiya, kuma shi ne ke taimaka wa maniyyi ya rayu ya isa inda za shi.

"Wata ya wuce bai nuna ba, ke nan juya ce"

*Jita-jita ce mai ciwo.* A wasu mata tashin sinadarin gajere ne, bai kai yini guda ba. Wadda ta gwada yau da azahar, gobe ta gwada da isha, tana iya tsallake shi. Wata kuma ta makara wajen farawa, wata tsinkenta ya ƙare kafin lokacin ya zo, wata ta sha ruwa da yawa. Wadda ta ga layin ya fara duhu, sai ta koma gwaji sau biyu a rana. Bayan haka, ko mace mai cikakkiyar lafiya takan yi wata guda jefi-jefi ba ta saki ƙwai ba, musamman bayan zazzaɓi mai tsanani, tashin hankali ko rama.

Mai shayarwa ma takan jima ƙwai bai dawo ba, domin sinadarin da ke kawo ruwan nono yana danne shi. Wadda ta daina allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku, jikinta kan ɗauki kimanin wata goma daga allurar ƙarshe kafin ciki ya samu, wani lokaci fiye, amma allurar ba ta kashe mahaifa. Idan dai an yi wata uku a jere ana gwaji yadda ya kamata ba a ga duhu ba, to a ga likitan mata. Rashin fitar ƙwai yana cikin matsalolin haihuwa da suka fi jin magani, ko daga PCOS ya taso, ko daga matsalar ƙululun maƙogwaro, ko daga yawan sinadarin nono.

"A ƙaurace wa juna sai tsinke ya nuna, don maniyyi ya taru"

*Jita-jita ce,* kuma tana jawo asarar kwanaki masu daraja. Tsinken yana nunawa ne saura kwana ɗaya ko ɗaya da rabi ƙwai ya fita, alhali lokacin ɗaukar ciki ya riga ya buɗe tun kwana uku ko huɗu kafin nan. An fi so ƙwan ya fito ya tarar da maniyyi yana jiransa. Doguwar ƙaura kuma ba ta ƙara inganci. Idan ta wuce kwana biyar ma, kuzarin ƙwayoyin yana iya raguwa. Hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, shawararta ita ce saduwa duk bayan kwana biyu ko uku a tsawon wata. Ma'auratan da ke yin haka, da wuya su rasa lokacin ko da ba su taɓa sayen tsinke ba.

Amma ba kowane gida ne haka ke yiwuwa ba. Akwai direban da ke kan hanyar Legas, da ma'aikacin da ke Abuja sai ƙarshen mako, da ɗan ci-rani, da soja. Akwai kuma gidan da ake rabon kwana: inda mata huɗu ke kwana bibbiyu, girki ba ya dawowa kan mace sai bayan dare shida, kuma kwanakin da suka fi muhimmanci suna iya faɗawa cikin wannan tazara wata bayan wata. Ga irin waɗannan gidaje, sanin lokacin yana da babban amfani. Mace ta yi gwaji wata biyu ko uku ta gane tsarin jikinta, sai maigida ya daidaita zuwansa, ko a yi fahimtar juna a cikin gida bisa adalci da yardar kowa.

Wani abin da ke damun mata shi ne ruwan da ke zubowa bayan saduwa, har wata ta ce mahaifarta ba ta riƙe maniyyi. Wannan zubowar ba matsala ba ce, kowace mace tana ganinta. Ƙwayoyin da za su yi aiki cikin mintuna suke wucewa ciki, kuma babu hujjar cewa ɗaga ƙafafu ko wani salon kwanciya yana ƙara damar ciki.

"Tsinken yana ƙara damar samun ciki"

*Gaskiya ce, amma da iyaka.* A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara bincike-binciken likitanci tana tacewa, ta kammala da cewa gwajin fitsari na fitar ƙwai mai yiwuwa ne yana ƙara samun ciki da haihuwa ga matan da ba su kai shekara 40 ba kuma ba su cika shekara guda suna nema ba. Taimakonsa shi ne daidaita lokaci, ba ya gyara komai a jiki.

Ko an dace da lokaci daidai, ciki ba ya zama dole. Lafiyayyun ma'aurata matasa, damarsu a kowane wata kimanin ɗaya ce cikin huɗu ko biyar. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ta ƙiyasta kashi 20 cikin ɗari a wata ga mace 'yar shekara 30, ƙasa da kashi 5 ga 'yar shekara 40. Amma idan aka tara watanni, sama da kashi 80 cikin ɗari na ma'aurata suna samun ciki a shekarar farko idan matar ba ta kai 40 ba, rabin waɗanda suka rage kuma a shekara ta biyu. Don haka wadda ta ga duhu a tsinke, ta yi abin da ya dace, sannan al'ada ta zo, kada ta karaya. Haka lissafin yake ga kowa. Idan kuma gwajin ya fara mayar da zaman aure aikin dole, ana kallon agogo ana ɓacin rai, gara a ajiye shi a koma saduwa duk bayan kwana biyu ko uku.

"Da shi ake zaɓar ɗa namiji"

*Jita-jita ce.* Wani likita Ba'amurke, Landrum Shettles, shi ya yaɗa tun shekarun 1960 cewa saduwa daidai ranar fitar ƙwai tana kawo namiji, kafin ranar kuma mace. Binciken Wilcox na 1995 ya duba wannan kai tsaye, bai samu wata alaƙa ba tsakanin ranar saduwa da jinsin abin da aka haifa. Masu tallar tsinke da wannan alkawari, kuɗin mutane kawai suke ci. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, X yake ɗauke da shi. Ƙwayar maniyyi ce ke zuwa da X a samu mace, ko Y a samu namiji, kuma shi mijin ma ba shi da ikon zaɓar wadda za ta riga isa. Kyauta ce ta Allah. Duk matar da ake wa gorin haihuwar 'ya'ya mata, zaluntarta ake yi.

"Yana nuna ciki, kuma ana tazarar haihuwa da shi"

*Kada a dogara da shi a duka biyun.* Sinadarin ciki, hCG, yana kama da LH a ƙira, shi ya sa tsinken fitar ƙwai kan yi duhu a jikin mai ciki. Amma duhun bai bambanta ciki da wani dalili ba, don haka wadda ta yi ɓatan wata ta nemi tsinken ciki na ainihi. Batun tazara kuwa, kafin tsinken ya nuna, maniyyin kwana uku ko huɗu da suka wuce yana nan da ransa. Mai gudun kwanika ta je sashen tazarar haihuwa a asibiti a zaɓa mata hanyar da ta dace, ta kuma sani ƙwai yana iya fita kafin al'adar farko ta dawo bayan haihuwa.

"Tunda tsinke yana nunawa duk wata, komai lafiya, jira kawai za a yi"

*Jita-jita ce,* kuma ita ce ta fi cin shekarun mutane. Ciki yana buƙatar abu huɗu: ƙwai ya fita, hanyar da zai bi ta kasance a buɗe, maniyyi ya kasance mai inganci, mahaifa kuma ta karɓa. Tsinken na farkon kaɗai yake leƙawa.

Toshewar bututun mahaifa babbar matsala ce a nahiyarmu. A wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 1985, kusan rabin matan Afirka da suka je asibiti neman haihuwa an samu duka bututunsu biyu a toshe, alhali a ƙasashen da suka ci gaba kimanin ɗaya ce cikin goma. Abin da ke kawo shi galibi cututtuka ne da ba a yi maganinsu da kyau ba: ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa, ko cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari. Mace mai wannan matsala al'adarta na zuwa daidai, tsinkenta na yin duhu duk wata, amma ƙwai da maniyyi ba sa haɗuwa. Shi ya sa ake ganin wadda ta haifi ɗaya ko biyu sannan haihuwa ta tsaya. Hoton da ake kira HSG ne ke nuna wannan.

Sai ɓangaren maigida. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da jinkirin haihuwa, akwai matsala daga wajen namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar. Ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna yawan ƙwayoyin maniyyinsa ko kuzarinsu, haka ma haihuwar da ya yi shekaru goma baya ba ta shaidar yau. Ciwon sanyi, hangum da ya kama mutum bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, taba da wasu magunguna duk suna iya raunana shi. Gwajin maniyyi kuwa yana cikin mafi sauƙin gwaje-gwajen haihuwa: a ƙaurace kwana biyu zuwa bakwai, a ba da samfuri a ɗakin gwaji, babu allura babu tiyata. Ba daidai ba ne mace ta yi shekaru tana shan jiƙe-jiƙe da sauraron gori, wani lokaci har a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali ba a taɓa duba mijin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ya kamata a ja kunne kan sayen Clomid a kemis ba tare da likita ba. Maganin na wadda ba ta fitar da ƙwai ne. Ba ya buɗe bututun da ya toshe, ba ya gyara maniyyi, yana iya kumbura ma'ajiyar ƙwai, yana ƙara yiwuwar cikin tagwaye da haɗarinsa, kuma ko a hannun likita ba a so ya wuce wata shida.

Yaushe za a nufi asibiti?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fuskantar matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Larura ce irin sauran larurori, ba abin kunya ba ce, kuma neman maganinta bai saɓa wa tawakkali ba.

Idan matar ba ta kai shekara 35 ba, a ga likita bayan shekara guda ana tare ba ciki. Idan ta kai 35, wata shida ya isa. Idan ta kai 40, kada a jira. Haka kuma kada a jira idan al'ada tana tsallake watanni, ko tana zuwa da ciwo mai tsanani, ko nono yana fitar da ruwa ba a shayarwa, ko an taɓa yin tiyata a mara, ko an yi ɓari fiye da sau ɗaya, ko maigida ya taɓa samun ciwo a maraina. Tun daga ranar da aka fara nema, mace ta riƙa shan ƙwayar folik asid, maikurogiram 400 kullum, domin tana kare jariri daga nakasar laka da ƙwaƙwalwa a makonnin farko, tun kafin a san akwai ciki.

'Yar'uwa, ki yi amfani da tsinken wata uku zuwa shida, ki rubuta abin da kika gani, ki riƙe littafin domin zai taimaki likita. Maigida, ranar zuwa asibiti ka raka ta, kuma ka ce a fara da kai. Allah Ya ba duk mai nema zuri'a ɗayyiba.